Injin Kawu, Kaskon Baba

A bayan rumbun gidanmu akwai wani ƙaton kaskon ƙarfe da ya yi shekara ashirin da wani abu a kife. Kaji sun yi ƙwai a gindinsa, awaki sun hau sun sauka, ƙannena sun mai da shi ganga. Kaskon dafa mazarƙwaila ne. Injin da ke matse raken da ake dafawa a cikinsa kuwa yana tsallaken rafi, a gidan Kawu, yayan mahaifiyata, shi ma a ajiye yana cin tsatsa. Duk wanda ya san sana'ar ya san kasko ba inji aikin banza ne, inji ba kasko ma haka. Amma haka dattawan nan biyu suka raba su, kowa ya rungume rabinsa kamar wanda ya ci gari da yaƙi.

Ƙauyenmu yana ƙasar Kudan, ba nisa da Hunkuyi, kuma abin da muka iya shi ne rake. Fadama ce ta raba unguwarmu da ta su Kawu, da ɗan rafin da in rani ya yi ko zani ba ya jiƙawa. Baba da Kawu abokai ne tun suna yawo ba wando, ta nan ma Baba ya hango Inna. Tare suka sayi inji da kasko da doki ɗaya. In lokacin matsa ya zo, dokin ya yi ta zagaye yana jan doguwar sanda, gangunan ƙarfe suna murƙushe rake, ruwan yana zuba a garwa, a juye a kasko, a hura wuta da tukar raken. Ƙamshin nan har yau ban ji irinsa ba. Mu yara aikinmu lasar ludayi da shan duka.

Al'adarsu ita ce a yi mako guda ana matse raken wannan, sannan a koma na wancan. Wata shekara, ina 'yar shekara goma, gobara ta lashi gonar Baba a cikin makon Kawu. Raken da wuta ta taɓa ba ya jira, in ba a matse shi da wuri ba tsami yake yi. Baba ya ce a ba shi inji. Kawu ya ce nasa ma a sare yake a ƙasa, rana tana shanye shi. Magana ta yi tsawo, samarin gidajen biyu suka shiga, aka ɗaga sanduna, aka fasa wa mutum biyu kai, ɗaya a kowane ɓangare, don ko a nan ba wanda ya yarda a fi shi. Kafin ƙura ta lafa raken Baba ya yi tsami. Kawu ya sa aka kwance inji aka ɗora a amalanke. Baba ya ja doki, ya sa aka mirgino kasko gida.

A bakin rafin, a gaban jama'a, Baba ya ɗaga murya ya ce, "Wallahi, na gidana ba zai sake taka gidanka ba sai ka kawo injin nan ƙofata da kanka!"

Kawu ya ce, "Wallahi injin nan ba zai ga ƙofarka ba!"

Kowa ya tafi gida yana huci, yana ganin ya yi maganar maza. Ba wanda ya tuna cewa a cikin "na gidana" ɗin nan har da Inna.

A daminar da ta gabaci rikicin ne kakata, mahaifiyar Inna, ta rasu. Ɗakinta yana nan a gidan Kawu da jerenta na tasoshi da kwanukan sha, kuma an riga an ce na Inna ne, ita ce auta, ita kaɗai ce mace. Bayan sadakar arba'in Kawu ya ce ta kwashe, ta ce, "Bar su, Yaya, in an gama rake na zo na kwashe." Aka gama raken ta wannan hanyar da na faɗa.

Faɗan kansa bai daɗe ba. Liman ya kira su ya tuna musu addini bai yarda Musulmi ya ƙaurace wa ɗan'uwansa fiye da kwana uku ba. Suka ce sun ji. Daga ranar, in sun haɗu a kasuwar Hunkuyi, wannan ya yi sallama, wancan ya amsa, kowa ya kau da kai, shi ke nan an fita haƙƙin Allah. Da shekaru suka ja sai gaisuwar ta fara tsawo da kanta. Aka ƙara ina gajiya, aka ƙara yaya iyali, aka kai ga yaya rake. Har ta kai in mota ta haɗa su sukan raba goro ɗaya. Da Baba ya kwanta asibiti a Makarfi, Kawu ne ya fara zuwa da lemo a leda, don asibiti ba gidan kowa ba ne. Baƙo in ya gan su cewa zai yi babu aminai irinsu. Amma inji yana can, kasko yana nan, kuma Inna ba ta tsallake rafi ba.

Takan ga yayanta a gidan biki a wani gari, ko a bakin hanya, su gaisa a tsaye kamar waɗanda suka haɗu a tasha. Daga bayan gidanmu ana hango rimin da ke ƙofar gidan ubanta, kuma na lura a nan take son yin tankaɗe ko da iska ba ta wajen take kaɗawa ba. Ba ta taɓa roƙon Baba ba. Na tambaye ta dalili sau ɗaya, ta ce, "Ni ba zan roƙi hanyar gidan ubana ba." Taurin kai dai na gaje shi ta uwa da uba, ba ni da wurin tsira.

Da na yi aure a Makarfi na fita daga cikin rantsuwar, tunda na tashi daga gidan Baba. Ziyarar da na fara yi gidan Kawu ce. Daga nan na zama mai kai gaisuwa da daddawa, mai dawowa da gaisuwa da kukar miya. A irin wannan zuwan ne wata shekara na tarar an jibge bulo a ƙofar gida. Babban ɗan Kawu ya samu buɗi a fataucin tumatir, zai rushe tsofaffin ɗakunan ƙasa bayan kaka ya yi na siminti. Har da ɗakin kakata.

Na zo na gaya wa Inna tana tsince shinkafa. Ta ce, "Allah ya sa albarka," ta ci gaba da aikinta. Sai na ga tana zubar da shinkafar tana mayar da tsakuwar cikin tire. Raina ya ɓaci ƙwarai, na ji haushin maza gaba ɗayansu, har da mijina da bai san hawa ba bai san sauka ba.

Na fito na sami Baba a gindin darbejiya da rediyonsa bayan la'asar. Ana wani shiri ne a kan wasu ƙasashe biyu da suka daina harbin juna tun kafin a haife ni, amma har yau ba su zauna sun ƙulla yarjejeniyar zaman lafiya ba. Mai bayanin ya ce tsagaita wuta daban, ƙare yaƙi daban, kuma iyalan da iyaka ta raba suna nan suna tsufa ba su ga juna ba. Baba ya girgiza kai ya ja tsaki.

"Dubi wauta," in ji shi. "An daina faɗa, me zai hana a zauna a ce an daina? Su bar bayin Allah su ga danginsu mana!"

Na durƙusa na ce, "Allah ya ƙara maka lafiya, Baba. Kamar dai ku da Kawu."

Ya rage muryar rediyo. "Uwata," haka yake kirana don sunan mahaifiyarsa gare ni, "wa yake faɗa da kawunki? Ran kasuwa ma goro ya ba ni."

"To gobe Inna ta je gidansu?"

Ya ce, "Ni na ɗaure mata ƙafa?"

"Rantsuwarka ta ɗaure ta, Baba."

Ya daɗe yana murɗa eriyar rediyon da ba abin da ya same ta. Can ya ce, "Magana zarar bunu ce, Uwata. In na janye, gari zai ce ni na faɗi." Daga nan na gane ba fushi ne ya rage ba, kunyar idon mutane ce, kuma ita ana iya yi mata dabara.

Na fara da Liman, wanda shi ma ya tsufa a kan maganar nan, gidansu gidan karatu ne tun kakanni. Ya yi dariya ya ce ai hukuncin ba ya da wuya, wanda ya yi rantsuwa ya ga alheri a cikin warware ta, ya ciyar da miskinai goma ya warware. Su biyun sun san haka sarai, shi ya karantar da su. Abin da ya gagara shi ne wa zai fara.

Haka na zama jakadiya, ina hawa acaɓa daga Makarfi, in sauka wannan gida in saurari sharaɗi, in tsallaka wancan in sauke shi bayan na rage masa ƙaya. Baba ya ce ba zai kai kasko gidan Kawu ba. Kawu ya ce shi ma rantsuwarsa tana nan. Sai Hedimasta ya shigo maganar. Tsohon shugaban firamarenmu ne, Kirista mutumin kudancin Kaduna, da ya yi ritaya ya ƙi komawa gida, ya sayi gona a tsakiyar fadamar, daidai tsakanin unguwannin biyu. Ya koyar da 'ya'yan gidajen duka, ya zane su duka, don haka ba wanda zai ce yana da ɓangare. Ya ce, "Ku kawo kayan nan gindin mangwarona. Ba ƙofar kowa ba ce, ƙofata ce, ni kuwa ban rantse da komai ba."

Na ɗauka an gama, ashe da sauran rina a kaba. Baba ya kwana yana lissafi ya gano cewa in aka haɗu a gonar Hedimasta, rantsuwar Kawu ba ta karye ba, tasa ce kaɗai za ta karye, shi kaɗai zai yi kaffara, ke nan shi ne ya faɗi. Ya ce atafau. Na koma wa Liman kamar in yi kuka. Ya shafa gemu ya ce a gaya wa Kawu shi ma ya kawo abincin mutum goma, nasa sadaka, na Baba kaffara, a dafa a wuri ɗaya. "A cikin tukunya," in ji shi, "ba mai gane ƙwayar kaffara da ta sadaka. Allah ya san niyyar kowa, sauran mutane kuma cin tuwo ne nasu." Kawu ya yarda, har ya ce zai ƙara da rago don kada a ce hatsinsa bai kai na wani ba. Baba da ya ji ya ce shi ma rago.

Sai maganar doki. Dokin ya mutu tun tuni a hannun Baba, da tsufa da ƙiba, don bai sake aikin komai ba. Kawu ya ce rabin dokin nasa ne. Baba ya ce rabin Kawun ne ya fi cin harawa. A nan Hedimasta ya buga sandarsa a ƙasa ya ce doki ya tafi inda ba a dawowa, a yafe shi gaba da baya, kuma kada a sake tayar da zancen gobara ko na kawunan da aka fasa, tunda masu kawunan ma yanzu sanƙo ya rufe tabon.

Aka sa rana, wata Asabar da hantsi. Maƙeri daga Gazara ya zo ya liƙe ƙasan kaskon, wani makanike ya kwana biyu yana ba injin mai. Mata suka yi sammako suka kafa tukwane a gonar Hedimasta, matarsa tana raba itace tana ba da umarni kamar gidan bikinta. Jama'a suka cika, hantsi ya ɗaga, ba inji ba kasko. Ashe Baba yana laɓe da amalankensa a bayan rake ta gabas, Kawu yana laɓe da tasa ta yamma, kowa yana jiran ɗan'uwansa ya fara fitowa. Ana hango hulunansu. Hedimasta ya shiga ɗaki ya ɗauko tsohon usur ɗinsa na tara 'yan makaranta, ya tsaya a tsakiya ya busa. Amalanke biyu suka fito a tare, mutane suka kwashe da dariya, mata suka rangaɗa guɗa.

Aka kafa inji, aka ɗora kasko a kan murhu. Dokin da aka aro na hawa ne, bai san zagaye ba, ya yi taku biyu ya tsaya yana kallonmu kamar mun zage shi. Samari suka kwance shi suka kama sandar suna turawa. Sai Kawu ya tuɓe babbar riga ya ce su ba shi wuri, yaran yanzu ba su san aiki ba. Baba ya ga haka ya tuɓe tasa. Tsofaffi biyu suka sa ƙirji a sanda ɗaya suna zagaye suna nishi, Kawu yana cewa, "Tura mana, ko tuwon ƙanwata bai karɓe ka ba?" Baba yana cewa, "Ni kaɗai nake turawa, kai rataye kake!" Ruwan rake ya fara ɗiga a garwa. Na yi dariya har na zauna a ƙasa, hawaye yana zuba, ban san na wanne ba ne.

Da aka ci abinci, miskinai suka ƙoshi har da guzuri, Liman ya miƙe ya faɗi abin da aka amince a gaban kowa. Inji da kasko za su zauna a gonar Hedimasta, na gidajen biyu ne. Za a koma mako-mako, amma wanda wuta ta taɓa rakensa shi ne a gaba ko makon waye. An yafe doki, an binne tsohon zance. Ya tambayi Baba ko ya yarda, ya ce ya yarda. Ya tambayi Kawu, ya ce ya yarda. Ya ce jama'a ku shaida, aka ce mun shaida. Ya ɗaga hannu zai ja Fatiha.

"Malam, a dakata."

Muryar Inna ce daga wajen tukwane. Matar da ko a tsakar gidanta ba a jin muryarta daga zaure. Ta gyara mayafi ta matso, ta rusuna ta gaida Liman, sannan ta ce, "Na ji an ambaci inji, an ambaci kasko, har mataccen doki an ambata. Ban ji an ambace ni ba."

Ni da na yi ta zirga-zirgar nan don ita, sai a lokacin na lura ba a sa ta a cikin sharuɗɗan ba.

Baba ya yi gyaran murya ya ce, "Haba, ai wannan a fili yake. Tunda an yi kaffara, hanya ta buɗe."

Inna ba ta ɗaga kai ba. Ta ce wa Baba, "A gaban mutane ka rufe ta, Malam. A gaban mutane za ka buɗe."

Hedimasta ya ce, "Gaskiyarta." Liman ya sauke hannu ya dubi Baba. Baba ya dubi ƙasa, ya dubi Kawu, Kawu ya ɗaga kai sama yana ƙirga 'ya'yan mangwaro. Sannan Baba ya miƙe tsaye, ya juya wajen rafi kamar yadda ya yi waccan shekarar, ya ɗaga murya yadda na ƙarshen taro zai ji.

"Jama'a ku shaida, na warware. Ta je gidan ubanta duk ranar da ta so, ita da duk na gidana." Ya ɗan tsaya, muryarsa ta sauka. "Kuma ta yafe mini. Na tsare ta da yawa."

Inna ta ce, "Na yafe." Aka shafa Fatiha.

Ruwan rake ya yi kauri a kasko, ƙamshin nan ya tashi ya cika fadama, aka fara zubawa a ƙananan kwanuka. Baba ya ce mazarƙwailar farko ta Inna ce. Aka duba wajen mata, ba ta nan. Na hango ta can ta kusa rafi, takalma a hannu, tana sauri irin wanda ban taɓa ganin ta yi ba. Na bi ta da gudu, Kawu yana biye da mu yana haki, rigarsa a kafaɗa.

A ƙofar zaure ta tsaya a gindin rimin, ta sa takalmanta, ta jira Kawu ya iso ya shiga gabanta. Sannan ta yi sallama kamar baƙuwa. Ya amsa daga ciki da cikakkiyar amsa. Ta ce, "Yaya, an gama rake. Na zo kwashe kayan nan."

Kawu ya ce, "Kai, Auta, ai kin yi sauri."

Ya ciro makulli daga aljihu ya buɗe ɗakin. A share yake tas, tasoshin suna jere yadda kakata ta bar su, ba ƙura a kan ko ɗaya. Matar Kawu ta raɗa mini cewa duk Juma'a sai ya sa an goge su, kuma ya gaya wa ɗansa ko bulo zai tsiro, ba mai taɓa ɗakin nan sai mai kayan ta zo da ƙafarta. Inna ta sunkuya ta shiga, ta shafa bango, ta ɗauki ƙaramin kwanon sha ta juya shi a hannu, ta zauna a bakin gadon ƙasa. Ta yi kuka kaɗan, ta share da gefen mayafi, sai kuma ta fara faɗa wai wa ya sauya wa randa wuri.

Da rana ta yi sanyi na leƙa na ce, "Inna, mu fara ɗaure kayan? Baba yana can yana riƙe da mazarƙwailarki, ya hana kowa taɓawa."

Ta miƙe ƙafafu a kan tabarmar uwarta, ta cire ɗankwali ta ajiye a gefe.

"Ki ce masa ya aiko mini da ita," in ji ta. "Ko kuwa ya kawo da kansa, ai ya san gidan. Ni sai na ƙoshi zan dawo."